BABI NA BAKWAI: GADON SANA'A DA MIƘA RAGAMA A ƘANANAN SANA'O'IN HIDIMA

7.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan sana'o'in Hausawa da rabe-rabensu. Wannan babi zai dubi yadda sana'a kan tashi daga hannun mai ita zuwa hannun wani idan tsufa ko ciwo ko mutuwa ta zo. An taƙaita bayanin a kan sana'o'in hidima, wato waɗanda ake yi wa mutum aiki ya biya lada, kamar wanzanci da ɗinki da wanki da gyaran babur.

7.1 Jarin Mai Sana'ar Hidima

Jarin mai irin wannan sana'a iri biyu ne. Akwai na zahiri, kamar zabira da aska da ƙaho a wurin wanzami, ko keke da almakashi a wurin tela. Akwai kuma na ɓoye, wato gwaninta da suna da amanar da ke tsakaninsa da abokan hulɗarsa. Idan ɗan kasuwa ya rasu ya bar buhunan hatsi, za a ƙidaya su a raba. Amma idan tela ya rasu, mutanen da ke kawo masa ɗinkin salla ba sa shiga cikin gado. Kowa zai nemi wanda hankalinsa ya kwanta da shi. Saboda haka jarin ɓoye ba ya wucewa ga magaji sai an miƙa shi tun mai shi yana raye.

7.2 Tsarin Gargajiya

Bahaushe kan ce, "Kyan ɗa ya gaji ubansa." A gidan wanzamai yaro kan fara da riƙe wa ubansa zabira da wasa aska, sannan a bar shi ya aske yara, daga nan ya koyi ƙaho, kafin a amince masa da kaciya. A duk wannan lokaci yana bin uban zuwa gidajen suna, inda ake askin jariri a rana ta bakwai. Kafin uban ya gaza, duk gidajen da yake yi wa aiki sun san fuskar ɗan, sun kuma ga hannunsa. Ta haka ake gadon abokan hulɗa tare da gadon aska.

Hanya ta biyu ita ce ta ubangida da yaronsa. Idan yaro ya ƙware, ubangidan kan sallame shi da kayan aiki, ko ya bar masa shago shi kuma ya koma gefe yana sa ido.

7.3 Matsalolin Yau

Abubuwa uku ke karya ƙananan sana'o'i bayan mai su. Na farko, 'ya'ya da yawa sun yi karatun boko sun kama wata hanya. Na biyu, rashin rubutu: bashin da ake bin maigida da wanda yake bi duk suna kansa, alhali aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi. Na uku shi ne rashin shiri kafin rabon gado.

A shari'ar Musulunci ana fara cire kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba kuma ba a yi wa magaji, sannan a raba saura. Misali, tela ya rasu ya bar kayan shago na naira 800,000, da mace 1, da 'ya'ya maza 2 da mata 3, iyayensa kuwa sun riga shi. Matar za ta sami sumuni, wato 100,000. Kowane namiji 200,000, kowace mace 100,000. Ke nan ɗan da ya iya ɗinki rubu'in shagon kawai ya mallaka, yaron da ya shekara goma yana aiki kuwa ba shi da komai. Idan kowa ya nemi rabonsa a hannu, dole a sayar da kekunan, sana'ar ta mutu.

7.4 Hanyoyin Miƙa Ragama

(a) Zaɓen magaji da wuri a horar da shi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

(b) Sayar wa amintaccen yaro shagon, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan a gaban shaidu.

(c) Yarjejeniyar magada su bar kayan aiki a matsayin jari, a biya mai aiki ladansa, a raba riba gwargwadon rabon kowa.

(d) Kyauta tun da rai. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta kafin mai bayarwa ya shiga ciwon ajali.

(e) Rajista. A Nijeriya dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani. Kamfani yana da matsayinsa daban da na mai shi, don haka mutuwarsa ba ta rushe shi, hannun jari ake gada. Rajistar sunan kasuwanci kawai ba ta ba da wannan kariya.

7.5 Kammalawa

An ga cewa tsarin gargajiya ya yi nasara ne domin yana miƙa gwaninta da amana sannu a hankali. Abin da zamani ya ƙara shi ne buƙatar rubutu da shaidu. Ya kamata malamin da zai koyar da wannan darasi ya tura ɗalibansa su tattauna da masu sana'a na unguwarsu, domin da yawansu 'ya'yan irin waɗannan gidaje ne.

Auna Fahimta

1. Bambance jarin zahiri da jarin ɓoye tare da misalai.
2. Bayyana matakan da ɗan wanzami kan bi kafin ya gaji ubansa.
3. Wace hanya ta fi dacewa da telan da ba shi da ɗan da ya koyi ɗinki? Kawo hujjoji.