Me Ya Sa Ƙauyukanmu Ke Bukatar Wayar Jama'a ta Kyauta

Tun watan Agustan 2001, da kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a Nijeriya, wayar hannu ta game birni da ƙauye, har an manta da zamanin kamfanin NITEL, lokacin da layukan ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba. Wannan ya sa wasu ke ganin matsalar sadarwa ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Mallakar waya daban, samun kira a ranar tsanani daban. Magidancin da naƙuda ta kama matarsa da tsakar dare yana iya kasancewa da waya a aljihu amma babu caji, ko akwai caji babu kati, ko kuwa sai ya hau tudu yana ɗaga hannu kafin sabis ya kama. Ga wanda aka rufe wa layi don bai haɗa shi da lambar NIN ba, ga ɗan gudun hijirar da ya tsira daga shi sai rigar jikinsa. A farkon 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira. Lambar gaggawa ta 112 kyauta ce, gaskiya, amma ba ta shiga a wayar da ta mutu. Don haka wajibi ne a kafa wa ƙauyukanmu wayar jama'a wadda kowa zai ɗauka ya kira ba tare da ya biya ko kwabo ba.

Kada a ce wannan mafarki ne, domin an yi shi a wata ƙasa an ga amfaninsa. A Ostareliya, inda kusan kowane baligi ke da wayar hannu, kamfanin Telstra ya mai da wayoyinsa na bakin titi, kimanin 15,000, kyauta a watan Agustan 2021 ga duk kiran cikin ƙasa. A shekarar da ta gabaci wannan an yi kira kusan miliyan 11 da su, fiye da 230,000 daga ciki zuwa lambobin neman agaji. Su wa ke wannan kira? Marasa muhalli, matan da suka gudo daga dukan miji suka baro waya a gida, da mutanen da gobarar daji ta 2019 zuwa 2020 ta raba da lantarki. A ƙauyuka masu nisa na 'yan asalin ƙasar kuwa, akwai wayoyin gari da ke aiki da hasken rana da tauraron ɗan'adam. In ƙasa mai wannan arziki ta ga ba za ta iya tumɓuke wayar jama'a ba, ina ga mu?

Masu ja da wannan shawara sukan fara da tambayar wa zai biya. Ai dokar sadarwa ta 2003 ta riga ta amsa, domin ita ta kafa asusun USPF don kai sadarwa wuraren da kamfanoni suka ƙi zuwa saboda ba riba. Kuɗinsa na fitowa ne daga harajin da kamfanonin ke biyan NCC kowace shekara, wato a ƙarshe daga katin da talaka ke saye. Ashe ba roƙo ake yi ba. Sai masu cewa za a sace batir da farantin sola, kuma tsoronsu yana da tushe, don mun ga rijiyoyin burtsatse nawa suka mutu da aka rasa mai kula da su. Amma laifin na rashin mai kula ne. A kafa wayar a ƙofar gidan dagaci ko a harabar asibitin sha-ka-tafi, a damƙa ta hannun kwamitin gari, a taƙaita kowane kira ga 'yan mintoci don kada samari su mai da ita dandalin hira.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na tsaro: kada masu kai wa 'yan bindiga rahoto su samu hanya. Wannan tunani ne ya sa aka katse sabis a Zamfara a watan Satumban 2021, kuma mutanen jihar sun san yadda ciniki ya tsaya, wanda aka kai wa hari ya rasa yadda zai nemi ɗauki. Mai cin amanar gari yana da wayarsa a ɓoye, ba zai zo ƙofar dagaci a idon jama'a ya kira daji da lambar da hukuma ta sani ba. Wanda rashin wayar ke cuta shi ne mutumin kirki.

Jama'a, duk garin da ya san yana fama da rashin sabis ko tsadar kira, shugabanninsa su rubuta takarda da sunan gari da yawan gidajensa, su kai wa kansila da ɗan majalisar tarayya, su nemi a gabatar da ita ga asusun USPF, su kuma riƙa bibiya har sai an ba su amsa a rubuce.