Darasin Juma'a: Yaron da ya san haƙƙinsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, darasinmu na wannan mako ya fi shafar waɗanda suka bar iyali a gida, a Nguru ko Gashuwa ko ƙauyukan Bade, suka zo nan Legas neman halal. Muna aika kuɗin makaranta, muna aika na inifom da na littafi. Amma in aka tsare yaron aka tambaye shi mene ne haƙƙinsa a makarantar, me zai ce? Yawancinsu sun haddace haƙƙin iyaye da na malami, kuma haka ya kamata. Nasu ne ba a cika faɗa musu ba.

Wasu da sun ji an ce haƙƙin yara sai su ɗaure fuska, wai shirin Turawa ne na koya wa 'ya'ya fitsara. To ga hadisin Sahlu ɗan Sa'adu, wanda Buhari da Muslim suka rawaito. An kawo wa Manzon Allah (SAW) abin sha, ya sha. A damansa akwai yaro, a hagunsa dattawa. Ƙa'ida ita ce a fara ba na dama. Sai ya nemi izinin yaron ya fara ba manya. Yaron ya nuna ba zai bar wa kowa rabonsa na saurar Annabi ba, Manzon Allah kuwa ya miƙa masa ƙwaryar. Ku duba: yaron ya san haƙƙinsa, ya faɗa cikin ladabi a gaban manya, kuma ba wanda ya ce masa marar kunya. Haka kuma a hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, Annabi ya ƙi zama shaida ga kyautar da uba ya yi wa ɗa guda ya bar sauran. A ƙasarmu ma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albabi ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Sai na hukuma. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989, Najeriya ta tabbatar da ita a 1991, aka yi dokar tarayya a 2003. Jihar Legas ta yi tata a 2007. Jihohin Arewa da dama sun ja ƙafa, musamman saboda maganar shekarun aure, har Gwamna Mai Mala Buni ya sa hannu a dokar kare yara ta Yobe a 2022.

Wadda ta fi taɓa aljihun ɗan kasuwa ita ce dokar UBE ta 2004. Ta ce karatun firamare shekara 6 da ƙaramar sakandare shekara 3 kyauta ne kuma dole ne a makarantun gwamnati. Wanda ya karɓi kuɗi a kan abin da doka ta ce kyauta ne yana iya fuskantar tarar da ta kai Naira 10,000 ko ɗaurin wata 3. Uban da ya ƙi sa ɗansa, karon farko jan kunne, na biyu tarar Naira 2,000 ko wata 1, bayan nan Naira 5,000 ko wata 2. Tarar dai yau ba ta kai kuɗin kwandon busasshen kifi ba, amma ba nan maganar take ba. Yarinyar da ta san wannan, in aka koro ta don ba ta kawo wani kuɗi ba, za ta gane akwai abin tambaya, ta gaya wa uwarta, uwar ta kira ka. Wadda ba ta sani ba sai ta ɗauka talaucin gidansu ne, ta ɗauki farantin talla, shi ke nan.

A yankinmu akwai abubuwan da ke cin lokacin yaro a fili. Lokacin su a fadamar Haɗeja da Nguru, yaro yana cikin kwalekwale. Lokacin girbin shinkafa, yana korar tsuntsu. Ranar kasuwa yana dakon kaya. Taya iyaye aiki tarbiyya ce, ba mai musu. Aikin da ya cinye zangon karatu sukutum, wannan kuma tauye haƙƙi ne, ko da uba ne ya yi. Jami'ar Tarayya tana nan a Gashuwa tun 2013. Abin kunya ne a ce 'ya'yan wasu suna zuwa daga nesa su cika ta, namu suna sayar musu da ruwan leda a bakin ƙofa.

Akwai kuma haƙƙin aminci, kuma mutumin Yobe ba ya bukatar dogon bayani a kansa. Buni Yadi a 2014, Dapci a watan Fabrairun 2018 inda aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantarsu, kuma Dapci ba nisa da Gashuwa. Amma aminci bai tsaya ga bindiga ba. Dukan da ke fasa jiki, babban ɗalibi mai ƙwace abincin ƙarami a makarantar kwana, namijin da ke kiran yarinya ita kaɗai bayan an tashi: a irin waɗannan ne shirun yaro ya fi yin ɓarna. Mun koya musu kunya da kawaici, to mu haɗa musu da cewa jikinsu amana ne, babu malami ko ɗan'uwa da ke da ikon taɓa inda Shari'a ta hana, kuma wanda ya kawo ƙara ba za a doke shi a kai ba. Almajirin da ke tsangaya ma haka, ci da sutura da magani suna wuyan ubansa, miƙa shi ga malam bai sauke su ba.

In ka kira gida yau bayan an sauko, kada ka tsaya ga “kuna lafiya?” Ka ce a ba yaron wayar. Tambaye shi sunan malaminsa, ko an karɓi wani kuɗi a hannunsa wannan zango, da wanda zai gaya wa in an cuce shi. Ka tambayi mai ɗakinka ko yana da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, don za a nema wajen jarrabawa. In ana taron iyaye da malamai, ka wakilta ƙaninka ko kawun yaron ya je da sunanka, ya kuma bar lambar wayarka wurin hedimasta.