Wanke Bututun Bindiga: Haɗin Gida Ko Na Kanti?

TAMBAYA: Malam, ni mafarauci ne, kuma ina da bindigogi biyu masu lasisi. Ɗaya bindigar toka ce da na gada wajen mahaifina, ɗaya kuma mai baki biyu ce da na saya. Dukkansu da kananzir nake wanke su, sannan in shafe da baƙin mai. Bana da damina ta wuce na haska cikin ta tokar, sai na tarar tsatsa ta ci ta, alhali ban taɓa ajiye ta babu mai ba. Wani abokina ya ce in sayi ruwan wanki na kanti, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina. Ina mafita?

AMSA: Malam, Allah ya ba da sa'ar daji. Kafin a yi maganar tsada ko araha, sai an san irin dattin da ke cikin bututun, domin sai an san ciwo ake neman magani. Bindigoginka biyu ba datti iri ɗaya suke tarawa ba, kai kuma magani ɗaya kake ba su. Nan matsalar take.

Mu fara da ta gadon. Idan albarushi ya ƙone, fiye da rabinsa ba ya zama iska. Yana komawa toka da gishiri iri-iri, su manne a jikin ƙarfe. Wannan gishirin yana jawo laima daga iska, kamar yadda gishirin miya ke jiƙewa a watan Agusta ko ba a zuba masa ruwa ba. Kananzir ba ya narkar da gishiri, mai ma haka. Abin da kake yi shi ne rufe gishirin da mai, shi kuma yana can ƙasa yana cin ƙarfe a ɓoye.

Ba kai kaɗai wannan abu ya taɓa ruɗawa ba. Sojojin Amurka sun daɗe suna kokawa kan bindigogin da ke tsatsa bayan an shafe su da mai. A shekarar 1922 wani masanin sinadarai, Wilbert Huff, ya gano cewa sinadarin da ke tayar da wutar harsashinsu na wancan zamani yana barin gishiri a bututu, kuma ruwa ne ke fitar da shi. Gishirin albarushi ma haka yake.

Saboda haka maganin bindigar toka yana cikin madafar gidanka. Ka dafa ruwa ya yi zafi sosai, ka jefa ɗan sabulu. Idan bututun yana cirewa daga ƙota, ka cire shi, ka tsoma gindinsa a bokiti. Ka naɗa tsumma a kan sandar ɗuri, ka riƙa turawa kana jawowa, ruwan zai riƙa shiga yana fita ta kafar wuta. Da farko za ka ga ruwan baƙi ƙirin, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai saboda farar wutar da ke cikin albarushi. Ka canza ruwa har ya fito garau, ka ɗauraye da ruwan zafi zalla, ka bi da busassun tsummoki. Zafin da ƙarfen ya ɗauka zai ƙarasa busar da shi. Sai ka shafa mai kaɗan nan take, domin ƙarfen da aka wanke tas yana iya fara ja kafin ka gama shan shayi. Wannan aiki a ranar da aka yi harbi ake yin sa, ko da an dawo daga daji a gajiye. Kwana ɗaya a lokacin damina ya isa tsatsa ta kama.

Mai baki biyu kuwa labarinta daban. Harsashinta na zamani ba ya barin irin wancan gishiri. Abin da yake bari shi ne baƙin hayaƙi mai maiƙo, da ɗan gogen dalma, da saurar robar da ke riƙe da ƙwayoyin harsashi. A nan kananzir yana da amfani, domin yana jiƙa baƙin ya saki. Ka jiƙa tsumma da shi ka ratsa bututun, ka bari ya yi minti 10, ka goge da burushin bindiga na tagulla, ka bi da busasshen tsumma har ya fito fari. Rauninsa ɗaya ne: idan ya bushe ba ya barin kariyar da za ta hana tsatsa, don haka dole mai ya biyo baya.

Maharban Amurka suna da wani haɗin gida da ya shahara, wanda suke kira Ed's Red, da sunan mai haɗa shi, Ed Harris. Shi ma daga wani tsohon haɗi na ma'aikatar makamai ta Frankford ya samo shi, wanda a da ake sa masa man dabbar teku mai suna wel. Abubuwa 4 ne, a awo daidai-wa-daida: kananzir, da jan man giyar mota mai canza giya da kanta, da tinna mara ƙarfi irin ta sirka fentin mai, da asiton. Man giyar shi ne ke barin kariya, asiton kuma shi ke taimakawa wajen ɗaye robar harsashi. Yana aiki sosai a bindiga mai baki biyu irin taka, kuma kwalba ɗaya za ta kai ka shekaru. Sai dai a kula. Asiton yana cin fentin ƙota da wasu robobi, yana kuma kama wuta da sauri. A waje ake haɗa shi, nesa da murhu da sigari, a zuba a gwangwani mai murfi a rubuta sunansa. Ruwan goge jan farce ba ya maye gurbin asiton zalla, domin galibi an sirka shi da ruwa da turare. Idan ba ka sami asiton ba, ka bar shi, sauran ukun za su wadatar.

To, ina amfanin na kanti? Yana da nasa. Hoppe's No. 9 tun 1903 ake yin sa a Amurka, Ballistol kuma tun 1904 a Jamus, inda aka ƙirƙire shi domin sojojin ƙasar. Abin da kake saya a cikinsu shi ne tabbas: an gwada su a kan ƙarfe da katako, an rubuta yadda ake amfani da su, kuma kwalbar yau daidai take da ta baɗi. Ballistol yana da wata baiwa, yana gauraya da ruwa ya zama fari kamar madara, shi ya sa masu bindigar albarushi a Turai da Amurka ke son sa. Amma ko shi, ruwan da ke cikin haɗin ne ke narkar da gishirin.

Inda na kanti ya zama dole shi ne a bindigar raifil, irin ta jami'an tsaro da masu gadin gandun daji. Harsashinta yana da rigar jan ƙarfe, kuma duk harbi yana barin ɗan goge a zanen cikin bututu. Kananzir ba ya taɓa wannan, Ed's Red ma ba ya yin wani abin kirki. Sai ruwan wanki mai amoniya, kamar Sweet's 7.62 na ƙasar Ostireliya. Alamar yana aiki ita ce tsumma ya fito shuɗi. Ba a barin sa ya wuce minti 15 a bututu, kuma da burushin nailan ake amfani, domin yana cin burushin tagulla, ya riƙa ba ka shuɗin ƙarya. Kai da ba ka da raifil, ba ka da buƙatar kashe ko sisi a kansa.

Akwai kuma abubuwan da nake so ka nisanta, ko wa ya ba ka shawararsu. Fetur yana wanke maiƙo, amma tururinsa yana bin ƙasa ya tarar da wuta a inda ba ka zata ba. Ruwan khal, da lemon tsami, da ruwan tsamiya, duk suna cinye baƙin rinin da ke kare jikin ƙarfe. Ruwan batir kuwa ƙarfen kansa yake ci. Wasu suna gauraya khal da ruwan wanke ciwo mai kumfa don narkar da dalma. Wannan haɗi yana mayar da dalma guba mai narkewa a ruwa, kuma a ƙasar da dalma ta kashe yara kusan 400 a Zamfara a 2010, ba sai an yi dogon wa'azi ba. Man birki yana jawo laima. Manja da man gyaɗa suna daskarewa su yi danƙo, su riƙe ƙurar hunturu. Baƙin man da aka juye daga inji cike yake da garin ƙarfe da tsami. Idan man inji za ka shafa, ya zama sabo, ko kuma ka sayi man keken ɗinki. Man feshi na WD-40 yana korar ruwa bayan wanki, amma ba shi ne man ajiya na tsawon damina ba.

Kafin ka taɓa tsumma, ka tabbatar bindigar babu komai a ciki. Mai baki biyu ka karya ta, ka leƙa da idonka. Ta toka ta fi haɗari, domin ba a ganin ɗurinta. Ka zura sandar ɗuri lokacin da ka tabbatar babu komai a ciki, ka yi alama a jikin sandar daidai bakin bututu. Duk ranar da alamar ta tsaya sama da baki, akwai ɗuri. Ka sa safar hannu idan da hali, ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, ka kuma kawar da tsummokin daga inda yara ke wasa. Mai kaɗan ake shafawa, kuma kafin fita farauta a ratsa busasshen tsumma, domin man da ya taru a bututu yana ƙara matsin harbi, a bindigar toka kuma yana jiƙa albarushi ta ƙi tashi. Wajen ajiya ka jingine ta baki ƙasa, kada mai ya gangara ya ruɓar da katakon ƙota.

Saura maganar tsatsar da ta riga ta kama. Idan ja ce kawai a sama, kananzir da burushi za su ɗauke ta. Idan kuwa ta yi ramuka, babu ruwan wankin da zai mayar da ƙarfen da ya tafi, na gida ko na kanti. Ka kai ta wajen maƙerin da ya san bindiga ya duba kaurin bututun, musamman gindi inda wuta ke tashi. Idan ya ce ta gaji, ka rataye ta a ɗaki ta zama abin tunawa da mahaifinka, domin bututun da ya fashe hannun mai shi yake fara ci. Idan kuma ya ce da sauranta, ka ajiye kuɗinka a aljihu, ka ɗora tukunyar ruwa a wuta duk ranar da ka dawo daga daji.