IN SITATAR BABUR TANA JA DA ƘYAR

Manomi, babur ya zama jakin zamani. Shi ke kai taki gona, shi ke kai kwandon tumatir kasuwa. Ranar da ka ɗaure kaya da asuba ka danna sitata, inji ya juya da ƙyar ya tsaya, ranar ka yi asarar ciniki, wataƙila har da kayan. Wannan takarda za ta nuna maka dalilin haka da abin da za ka duba kafin ka kashe kuɗi.

BAMBANCIN SABON BABUR DA TSOHO

Tsofaffin babura suna shan mai ta kafireta. Waɗansu sababbi kuwa ba su da kafireta, suna da injekta, watau ɗan bututu mai fesa mai cikin inji. Tun shekarar 2020, da ƙasar Indiya ta tsananta dokar hayaƙi, kamfanonin can suka koma ƙera irin waɗannan da yawa.

Babur mai injekta yana da famfon mai da kuma ƙwaƙwalwa mai auna yawan man da za a fesa. Duka biyu da wutar batir suke aiki. Sitata kuwa ita ta fi kome cin wuta. In batir ya yi rauni, sai sitata ta janye ɗan abin da ya rage, famfo da ƙwaƙwalwa su rasa. Shi ya sa batirin da zai iya ta da tsohon babur da ƙyar ba lalle ya ta da mai injekta ba. Yawancinsu ma, in batir ya mutu sarai, ko an tura ba sa tashi.

KA FARA DA KUNNE DA IDO

Murɗa makulli, kada ka danna kome tukuna. Za ka ji ɗan kukan famfo na kamar daƙiƙa 2 ko 3. Jira ya yi shiru, sa'an nan ka danna sitata kana kallon fitilun da ke gaban mita.

In fitilun sun dushe ƙwarai ko sun mutu, laifin yana wajen batir ko bakin wayoyinsa.

In fitilun suna nan da haskensu amma sai "ƙas" kake ji, ka zargi rile, ko babbar wayar sitata, ko ita sitatar kanta.

ABUBUWA BIYAR DA ZA KA DUBA

1. Bakin batir. Nan ne laifi ya fi yawa, kuma gyaransa kyauta ne. Hanyar karkara tana kwance noti, danshi yana kawo tsatsa da wani farin gari. Kashe makulli. Fara cire baƙar waya, sa'an nan ja. Goge bakin da sanfefa har ya yi ƙyalli. Ɗan ruwan kanwa a tsumma yana cin farin garin, amma kada ko ɗigo ya shiga cikin batir. Wajen mayarwa, ja ita ce farko, baƙa ta biyo. Ɗaure tamau, ka shafa giris kaɗan a sama.

2. Baƙar waya inda ta kama jikin babur. Bi ta har ƙarshenta. In wurin ya yi tsatsa ko ya saki, wuta ba za ta zaga sosai ba, kome ƙarfin batir.

3. Ƙarfin batir. A jikinsa an rubuta 12V. Sa mai gyara ya auna maka da mitar wuta bayan babur ya huta. In ta nuna 12.6 ko fiye, batir cike yake. In ta sauko wajen 12.0, yana bukatar caji. A sake aunawa lokacin da kake danna sitata. In an yi masa caji amma duk da haka ya faɗi ƙasa da 10, batir ya gaji, sai sabo.

4. Caji. Ta da inji, a ɗan ƙara wuta, a auna. Ya kamata mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5. In ba ta kai ba, babur ba ya cika batirinsa, sai a duba koyil da rektifaya. In ka sayi sabon batir ba ka gyara wannan ba, shi ma mutuwa zai yi.

5. Baƙin mai da sitata. Da sanyin hunturu mai yana yin kauri, batir kuma ƙarfinsa yana raguwa, shi ya sa wahalar ta fi yawa da asuba. Yi amfani da irin man da littafin babur ya faɗa, ka juye shi a kan lokaci. In duk an duba waɗannan ba a sami laifi ba, to, burushin cikin sitata ya cinye. Wannan aikin bakanike ne.

KADA KA YI WAƊANNAN

Kada ka riƙe sitata fiye da daƙiƙa 5. Saki, ƙirga goma, ka sake.

Kada ka haɗa babur da batirin motar da injinta ke aiki. Ƙwaƙwalwar babur tana iya ƙonewa, kuma ta fi batir tsada nesa ba kusa ba.

Kada ka yi cajin waya ko ka kunna ƙarin fitila alhali inji yana kashe.

Kada ka buɗe batirin da aka liƙe shi ruf. Mai marafi kuwa, in ruwansa ya ragu, tataccen ruwa za ka ƙara, ba asid ba, ba ruwan rijiya ba.

KA TUNA

Batir yana zubar da wuta ko ba a hau babur ba, zafin rana kuma yana rage masa kwana. Ajiye babur a inuwa. In zai daɗe a ajiye, hau shi na kamar rabin sa'a kowane mako, ko ka cire baƙar waya. Duba bakin batir sau ɗaya a wata, musamman kafin kaka da lokacin ɗiban kayan fadama. In ka ji sitata ta fara nauyi, duba ta a ranar, kada ka bari sai daren kasuwa.