Wane jirgin rimot zan fara da shi?

Tambaya: Malam, ni ɗan Tasawa ne. Na tara ’yan kuɗi, ina son ƙaramin jirgin sama mai rimot, amma ban taɓa tuƙa ko ɗaya ba.

Amsa: Ƙanena, ka kawar da kai daga masu siffar jirgin yaƙi; gudu gare su, kafin ka ƙifta ido sun sha ƙasa. Nemi mai fukafukai a saman jiki, na kumfa, mai batir. Shi ne idan ka saki sandar rimot yake daidaita kansa, idan ya karye kuma gam ya ishe shi. Ko a Maraɗi ka yi odarsa ko a Kano, haɗa da farfela biyu ko uku, don ita ke fara karyewa.

Tashe shi da sassafe, iska na kwance, yana fuskantar iskar. Gonakin gero na wajen Mayahi bayan girbi sun dace, rairayi na rage zafin faɗuwa, sai dai ka riƙa kakkaɓe injin. Batir kuwa kada ya sha rana, kumbura yake.

Kuma zamanin nan abin da ke shawagi a sama ana sa masa ido. Sanar da mai gari da jandarma tukuna.