Makarantar Matuƙan Jiragen Soja ta Kano

Yaron da ke kiwo a gindin dutsin Dogondutsi, ko cikin fadamar Tibiri, yakan ji ƙugi a sama. In ya ɗaga kai, sai ya hangi jirgi ɗan ƙarami kamar shirwa. Cikin jirgin nan akwai mutum mai tuƙi. Ba a haife shi da sanin tuƙi ba, makaranta ya shiga ya koya. Ɗaya daga cikin irin makarantun nan tana Kano, a ƙasar Najeriya. Mai zuwa can da mota daga Dogondutsi yakan bi ta Birnin Ƙonni da Maraɗi da Katsina.

Tarihin filin jirgin Kano

Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan Ingila suka sauka a filin sukuwa na Kano. Daga Masar suka taso, suka biyo ta Sudan da Cadi da Maiduguri. Shugaban tafiyar wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. A 1936 jiragen fasinja da wasiƙu suka fara zuwa Kano a kai a kai.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu filin ya sami babban aiki. Daga 1940 akan kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a ƙasar Gana ta yau. A can ake harhaɗa su. Daga nan sai su tashi, su ya da zango a Kano su sha mai, kana su wuce Sudan da Masar. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya.

A 1964 Najeriya ta kafa rundunar sojan sama. Sojojin Jamus ta Yamma suka taimaka wajen horar da matuƙan farko. A 1986 aka fara kawo jiragen koyo da ake kira L-39 daga ƙasar Cekoslobakiya. Da su ake koyarwa a makarantar Kano. A dā lambar makarantar 303, yanzu kuwa 403. Tana cikin sansanin sojan sama da ke jikin filin jirgin Malam Aminu Kano.

Yadda ake koyo

Ɗalibi ba ya fara shiga jirgi mai gudu. Sai ya zama soja tukuna, ya koyi biyayya da juriya. Likita ya duba idonsa da kunnensa da zuciyarsa. Bayan haka ya zauna cikin aji ya koyi lissafi, da karatun taswira, da halin iska da gajimare, da yadda inji ke aiki.

Tashin farko a Kaduna ake yi, a makaranta mai lamba 401, da ƙananan jirage masu farfela. Wanda ya ci jarrabawa, aka zaɓe shi don jirgin yaƙi, shi ne ke zuwa Kano.

Jirgin L-39 yana da kujera biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Ɗalibi ke zama gaba, malami a baya. Kowannensu yana da sandar tuƙi. In ɗalibi ya yi kuskure, malami ya karɓi jirgi nan take. Jirgin yana iya gudun kilomita 750 a awa guda. Da wannan gudu, ɗan jinkiri kaɗan yana iya jawo asarar rai. Saboda haka kowace kujera tana da na'urar da ke cilla matuƙi waje, ya sauko da laima in jirgi ya lalace.

Ɗalibi yakan maimaita tashi da sauka har su zauna masa a hannu. Ranar da malami ya amince da shi, sai ya bar shi ya tashi shi kaɗai. Daga nan ya koyi juyi a sama, da tashi cikin jeri da sauran jirage, da tashin dare. In ya gama, a maƙala masa alamar fiffike a ƙirji. Ba kowa ke kai wannan rana ba.

Ma'aikatan ƙasa

Matuƙi ba ya tashi sai da taimakon mutane da yawa. Makanikai suna duba inji da tayoyi da mai. Masu duba yanayi suna faɗin ƙarfin iska da inda hadari yake. Ma'aikacin hasumiya yana magana da matuƙi ta rediyo, shi ke ba da izinin tashi da sauka. Ƴan kwana-kwana da motar asibiti suna tsaye cikin shiri. Matuƙi ma yana da jerin abubuwan da zai duba ɗaya bayan ɗaya kafin ya tashi, ba ya tsallake ko guda.

Hazo

Hazon da ke rufe dutsin Dogondutsi lokacin hunturu shi ne ke rufe filin jirgin Kano. Iska ce ke ɗebo ƙura daga Sahara. In hazo ya yi kauri, matuƙi ba ya ganin ƙasa. Jikinsa yana iya ruɗinsa, ya ji kamar jirgi yana tafiya daidai alhali ya karkata. Don haka ake koya masa ya dogara da agogunan da ke gabansa. Wani yana nuna nisa daga ƙasa, wani gudu, wani karkatar jirgi. Wanda bai iya karanta lambobi da sauri ba, ba zai iya fita daga hazo ba.

Matuƙan sojan ruwa

Ƙasashen da ke bakin teku suna da sojan ruwa, wasu kuma suna da jiragen samansu. Sojan ruwan Najeriya suna da sansanin jirage masu saukar ungulu a Ojo, cikin Ikko. A Amurka an buɗe makarantar matuƙan sojan ruwa a Pensakola a 1914. Neil Armstrong, wanda ya taka wata a 1969, a can ya koyi tuƙin soja.

Aikinsu ya fi wuya, domin a bisa jirgin ruwa suke sauka. Titin jirgin Kano ya kai mita 3,300. Babban jirgin ruwa kuwa tsawonsa kimanin mita 330 ne. Jirgin sama yana da ƙugiya a wutsiya, ita ke kama igiyar ƙarfe da aka shimfiɗa, ya tsaya cikin daƙiƙa biyu ko uku. Su ma a tudu suke fara koyo kafin su je teku.

A ƙasar Nijar

Nijar ba ta da teku, amma tana da sojan sama. Babban sansaninsu yana Yamai, jikin filin jirgin Diori Hamani. A Yamai kuma akwai makarantar EAMAC, wadda aka kafa a 1963. Tana horar da masu duba yanayi da ma'aikatan hasumiya na ƙasashen Afirka da yawa. Duk wanda ya shiga waɗannan wurare, da karatu da lissafi na ƙaramin aji ya fara.

Kalmomi

Sansani: wurin zaman soja da kayansu.
Farfela: fukafukan ƙarfe masu juyawa a hancin jirgi.
Hasumiya: dogon gini inda ake lura da tashi da saukar jirage.

Tambayoyi

1. Daga ina jiragen da suka sauka Kano a 1925 suka taso?
2. Don me jirgin koyo ke da sandar tuƙi biyu?
3. Ku faɗi ma'aikata uku da ke taimakon matuƙi daga ƙasa.
4. Me matuƙi ke dogara da shi in hazo ya rufe gari?
5. Sau nawa titin jirgin Kano ya ninka tsawon babban jirgin ruwa?
6. Jirgi yana gudun kilomita 750 a awa guda. Minti nawa zai yi a tafiyar kilomita 500?