Shirya Tafiyar Ɗaukar Hoto Zuwa Tsibirin Aislan a Farkon Kaka

Gabatarwa

Mutane da yawa suna zaton tsadar kyamara ce ke sa hoto kyau. Amma masu ɗaukar hoton duwatsu, ƙoramu da filaye sun san cewa rabin aikin yana ƙarewa tun kafin a bar gida, wato wajen zaɓen lokaci da wuri. Wannan zaɓe kuwa ilimin kimiyya ne ke yi masa jagora, domin tsayin rana a sama, launin ganye da kai-komon tsuntsaye duk suna bin ƙa'idojin da za a iya lissafawa. Wannan darasi zai ɗauki tsibirin Aislan a watan Satumba a matsayin misali.

Aislan tana arewacin Tekun Atilantika, kuma faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita 103,000. Babban birninta, Rekyabik, yana kan digiri 64 arewa da ikwaita, alhali Kano tana kan digiri 12. Wannan rata ta digiri 52 ita ce tushen kusan duk abin da zai biyo baya.

Haske da Inuwa

Duniya a karkace take da kimanin digiri 23.4 yayin da take kewaya rana, kuma wannan karkata ce ke haifar da sauyin yanayi. A ranar 22 ko 23 ga Satumba dare da rana suna kusan daidaita a ko'ina. A wannan rana, ana samun tsayin rana da tsakar rana ta hanyar cire digirin wuri daga 90. A Kano, amsar ita ce digiri 78, wato rana tana kusan tsakar ka. A Rekyabik kuwa digiri 26 ne kacal. Sandar da tsawonta ya kai mita ɗaya za ta yi inuwar kimanin santimita 21 a Kano, amma a Rekyabik inuwarta za ta ɗara mita biyu.

Ga mai ɗaukar hoto, doguwar inuwa ita ce ke fito da tudu da kwari da sheƙar dutse. Hasken da ya faɗo daga tsakar ka yakan baje komai ya zama bai ɗaya. Bugu da ƙari, idan rana ta yi ƙasa, haskenta yana ratsa iska mai kauri kafin ya iso, sai ƙwayoyin iska su warwatsa shuɗin ɓangarensa su bar ja da ruwan ɗorawa. Masanin Ingila Lord Rayleigh ne ya yi bayanin wannan a 1871. Haka kuma, da yake rana a gicciye take faɗuwa a can, hasken da ke saura bayan faɗuwarta yakan kai kusan minti 50, alhali a Kano bai wuce kimanin minti 20 ba.

Sai dai yini yana raguwa da sauri. A farkon Satumba Rekyabik tana samun hasken rana na kimanin sa'a 14 da rabi, a ƙarshen wata kuwa ya koma kimanin sa'a 11 da rabi. Ke nan ana asarar fiye da minti shida kowace rana. Wanda zai yi mako biyu dole ya riƙa gyara lokacin fitarsa kullum.

Dalilin Sauyin Launin Ganye

Koren ganye ya samo asali ne daga sinadarin kulorofil, wanda tsiro ke kama hasken rana da shi don haɗa abinci. Idan yini ya fara gajarta, sanyi ya sauko, sai tsiro ya daina sabunta kulorofil, ya rushe wanda ke akwai, ya janye naitorojin daga ganye ya adana a reshe da saiwa saboda shekara mai zuwa. Da kore ya gushe, sai sinadaran karotinoyid, waɗanda dama suna cikin ganyen, su bayyana da ruwan ɗorawa. Irinsu ne ke ba karas da manja launi. Ja kuwa daga antosiyanin yake, dangin sinadarin da ke rina zoɓo, kuma sabo ne tsiro ke ƙirƙirarsa a wannan lokaci, musamman idan rana ta yi haske dare kuma ya yi sanyi.

Aislan ba ƙasar manyan dazuzzuka ba ce. Masana sun kiyasta cewa lokacin da mutane suka fara zama a can, a ƙarni na 9, aƙalla rubu'in ƙasar kurmi ne. Sara da kiwon tumaki sun mayar da shi kimanin kashi 2 cikin 100. Saboda haka launin kaka a can a ƙasa yake, a jikin gajerun itatuwa na jinsin Betula da Salix, waɗanda ke zama ruwan ɗorawa, da ƙananan tsirrai na jinsin Vaccinium, waɗanda ke zama ja. Mai hoto zai fi cin riba idan ya sauke kyamararsa kusa da ƙasa. Launin yakan ƙosa ne daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshenta, amma guguwa ɗaya tana iya kakkaɓe ganyen cikin dare guda. Wurin da ya yi suna a wannan fanni shi ne Thingvellir, inda aka kafa majalisar ƙasar a shekara ta 930, inda kuma faifan ɓawon ƙasa na Amurka ta Arewa da na Turai da Asiya ke rabuwa da kimanin santimita biyu a shekara.

Gansakuka da Haƙƙinta

A kudancin tsibirin akwai filin Eldhraun, wanda narkakken dutse ya malale lokacin aman wutar Laki na 1783 zuwa 1784. Yau gansakukar da masana ke kira Racomitrium lanuginosum ta lulluɓe shi kamar bargo. Wannan tsiro ba shi da saiwa ta gaskiya, ta jikinsa yake shan ruwa. Idan ya bushe sai ya yi toka-toka, da ruwa ya taɓa shi kuma ya koma kore cikin ɗan lokaci. Don haka ranar yayyafi ta fi ranar garau dacewa da hotonsa.

A nan ne ya kamata a yi hattara. Girman gansakukar bai wuce kimanin santimita ɗaya a shekara ba, kuma sawun ƙafa ko na taya yana iya daɗewa shekaru gommai bai warke ba. Dokar Aislan ta haramta tuƙa mota a wajen hanya, tare da tara mai nauyi. Wanda ya tattake shimfiɗar da ta ɗauki fiye da shekara 200 tana haɗuwa domin hoto ɗaya, ya ɓata abin da ya zo gani.

Tsuntsaye da Dabbobi

Matafiya da dama suna zuwa da burin ganin fafin, tsuntsun teku mai baki mai launi-launi. Wanda ya zo a Satumba ya makara, domin tun cikin Agusta yake barin gaɓa ya koma tsakiyar teku. Haka ma tsuntsun gaɓa mai dogon lanƙwasasshen baki, Numenius phaeopus, wanda bincike ya nuna yana tashi daga Aislan zuwa gaɓar Afirka ta Yamma cikin kwana huɗu ko biyar ba tare da sauka ba. Ƙaramin tsuntsu Oenanthe oenanthe, wanda nauyinsa bai wuce giram 30 ba sosai, shi ma yana kama hanya ne zuwa yankin Sahel. Abin da mai hoto zai tarar shi ne garkunan dinya suna taruwa a filaye kafin su wuce Birtaniya. Satumba ne kuma watan da manoma ke kora tumakinsu daga tsaunuka zuwa manyan shingaye, inda kowa ke ware nasa ta alamar kunne.

Hasken Sama na Arewa

A tsakiyar shekara dare ba ya yin duhu a Aislan, shi ya sa ba a ganin hasken nan da ake kira orora. Daga ƙarshen Agusta duhu ke dawowa. Orora tana faruwa ne idan ƙwayoyi masu cajin lantarki, waɗanda iskar rana ta tunzura, suka bi maganaɗisun duniya suka bugi iskar sama. Koren da aka fi gani daga oksijin yake, a nisan da ya haura kilomita 100. Masana Russell da McPherron sun bayyana a 1973 dalilin da ya sa irin wannan motsi ke yawaita a kusa da Maris da Satumba. Ɗaukar hotonta yana buƙatar sama marar gajimare, nisa daga fitilun gari, mazaunin kyamara mai ƙafa uku, da barin idon kyamara a buɗe na daƙiƙa 5 zuwa 15.

Tsara Hanya da Kiyaye Rai

Babbar hanyar da ta kewaye tsibirin, wadda aka kammala a 1974, ta kai kimanin kilomita 1,300. Mai kwana bakwai zai fi amfana idan ya tsaya a kudu, daga Thingvellir zuwa tafkin Jokulsarlon, inda gutsattsarin ƙanƙara ke ɓallewa daga malalen Vatnajokull. Wanda ke son kewayawa gaba ɗaya yana bukatar aƙalla kwana goma. Hanyoyin tsakiyar ƙasa, masu alamar F, sai mota mai jan ƙafa huɗu, kuma dusar ƙanƙara tana iya rufe su tun cikin Satumba. Matsakaicin zafin Rekyabik a watan kimanin digiri 8 ne na ma'aunin Salsiyas, kudu ta fi arewa ruwa, iska kuma ita ce babbar matsala. Wajibi ne a tanadi tufafi rufi-rufi da rigar ruwa, da ƙarin batir, domin sanyi yana zuƙe shi. A bar kwana ɗaya ko biyu babu tsari saboda ɓacin yanayi, a kuma duba hasashen hukumar yanayi ta ƙasar kowace safiya.

A gaɓar Reynisfjara mai baƙin yashi, igiyar ruwa takan taso ba zato ta wuce inda sauran suka tsaya, kuma ta halaka mutane. Mai leƙen kyamara ya fi kowa shiga haɗari, domin hankalinsa yana wani wuri. Kada a juya wa teku baya. Lambar neman agaji a ƙasar ita ce 112.

Aikin Gwaji

Ɗalibi ya kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a fili ranar 23 ga Satumba, ya auna inuwarta lokacin da ta fi gajarta. Daga nan ya lissafa tsayin rana, ya cire shi daga 90, ya ga ko amsar ta dace da digirin garinsu a taswira. Sannan ya ɗauki hoton tudu ko gini guda sau uku, da hantsi, da tsakar rana, da kuma dab da magariba, ya kwatanta inuwa da launi a cikinsu.